Magana a kan surar almajiri a cikin jaridu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, ku duba abin da jaridu da akwatin talabijin suke yi. In za su yi zancen makarantun allo, sura ɗaya suke fitarwa: yaro cikin tsumma, ƙafa ba takalmi, roba a hannu, yana tsaye bakin tasha. Sai a rubuta ƙarƙashinta, almajiri. Yau haka, gobe haka, har suna ya sake ma'ana. Asalinsa kuwa almuhajir ne, wanda ya bar garinsu domin neman ilmi. Yanzu ko a nan Ƙofar Jatau ka kira yaro da shi, sai ya ji kamar ka zage shi.

Mai ɗaukar hoto ba ya zuwa bayan asuba, sa'ad da zaure ke cike da alluna. Da rana yake zuwa, lokacin bara. Bai san gardin da ke ɗinkin hula yana ci da kansa ba, balle alaramman da ya rubuta izu sittin da ka, ya bi ya sa wasali. Unguwar Juma da Kona, inda mutane suka daɗe suna tahowa daga nesa neman fiƙihu da nahawu, wa ya taɓa ganinsu a wannan akwati?

Kada wani ya ce hoto ne kurum. A 2020, da annobar korona ta sauka, gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar yaran nan cikin motoci, wannan jiha tana tura wa waccan. Kaɗan ne suka ɗaga murya, gama an riga an koya wa jama'a kallonsu kamar kayan da ya tare hanya.

Ba mu ce babu bara ba. Akwai ta, aibi ce babba, alhakinta kuwa yana wuyan uban da ya kawo ɗa ba guzuri, da malamin da ya karɓi fiye da abin da zai iya riƙewa. Amma a 2023 an kafa hukumar ƙasa ta ilmin almajirai, masu aiki a cikinta kuwa su ma jaridun nan suke karantawa. Wanda roba kaɗai aka nuna masa, in ya tashi gyara da allo zai haɗa.

Roƙonmu ga editocin Kaduna da Kano: mai bara, a rubuta mabaraci. Mai son ganin almajiri kuma ya sammako, zauruka a buɗe suke.

Haza wassalam.