Ɗalibi ma yana bukatar zufa

Iyaye maza da mata, wannan magana taku ce, musamman ku da kuka sayar da akuya ko buhun wake domin ɗanku ko ɗiyarku su ci gaba da karatu a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Kun yi abu mai kyau. Amma akwai abin da ke canzawa a jikin yaron da ya bar ƙauye, kuma ba ya fitowa a takardar jarrabawa.

Ku tuna rayuwarsa kafin ya tafi. Yana jan ruwa a rijiya, yana kora bisashe daji, yana tafiya lakwal a ƙasa, da damina kuma yana duƙe a gona. Ɗiya mace tana daka, tana surfe, tana ɗauko itace. Yanzu fa? Zama a aji tun safe, zama a ɗaki da littafi, kabu-kabu in za a je kasuwa, da dare kuma zaman fada da shayi da waya har tsakar dare. In ya dawo hutu ya yi ƙiba, sai mu ce birni ya karɓe shi. In ya ɗauki hauya, sai mu ce, "Bar ta, kai mai karatu ne." Muna ganin gata muke yi masa, alhali zuciyarsa muke cuta.

Abin da bugun zuciya ke faɗa

Zuciyar babban mutum da ke hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kimanin sau 100,000 ke nan a yini da dare. Wanda ya saba aikin ƙarfi, tasa takan tsaya tsakanin 50 da 60, domin kowane bugu yana tura jini mai yawa, ba ta bukatar gaggawa.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Zuciya mai lafiya ba ta tafiya kamar agogo. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana ɗan canzawa: wannan ta yi sakan ɗaya, ta gaba ta gaza kaɗan, wata ta ɗara kaɗan. In an ja numfashi sai zuciya ta ɗan yi sauri, in an saki sai ta sassauta. A jikin saurayi ko budurwa har ana iya jin haka da yatsa, in sun yi dogon numfashi a hankali. Likitoci suna auna wannan sauyin tazara da na'urar gwajin zuciya.

Me ke kawo shi? Ku ɗauki zuciya kamar doki. Jiki yana da jijiyoyi iri biyu da ke sarrafa ta ba tare da saninmu ba. Ɗaya kamar ƙaimi ce, tana zaburar da ita lokacin gudu, tsoro ko fushi. Ɗayar kamar linzami ce, tana tausar ta lokacin hutu da barci. Dokin da aka hora, da an taɓa shi kaɗan sai ya amsa, ya zabura in an so, ya tsaya in an so. Haka zuciyar da sauyin tazararta ke da yawa. Wadda sauyinta ya ragu kuwa ta zama kamar dokin da ake ta soka wa ƙaimi, linzaminsa ya saki.

Binciken da aka yi a kan ɗaliban jami'a a ƙasashe dabam-dabam ya nuna galibi masu motsa jiki sun fi masu yawan zama wannan sauyi mai amfani. Rashin barci, fargabar jarrabawa, taba da giya suna rage shi. Wani dogon bincike da aka fara a 1948 a garin Framingham na Amurka ya gano manyan da sauyin tazararsu ya yi ƙasa sun fi kamuwa da ciwon zuciya daga baya. Hawan jinin da ke kwantar da ma'aikaci yana ɗan shekara 45, sau da yawa tun yana ɗan 20 aka fara share masa hanya.

"Ai karatu ya je yi, ba wasa ba"

Gaskiya ne, kuma kuɗin da kuka kashe ba kaɗan ba ne. Amma abin da ake nema bai kai ya hana karatu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce wanda ya kai shekara 18 ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Rabin awa ke nan, kwana biyar. Wanda bai kai 18 ba, awa ɗaya kullum. Ɗalibin da ya yi zufa da rana ya fi samun barci mai kyau, kuma da barci ne abin da aka karanta ke zama a kai.

Wani zai ce, "Yaron ko abinci ba ya isarsa, da wane ƙarfi zai yi gudu?" Wannan damuwa ce ta gaske. Mai jin yunwa bai kamata ya wahalar da kansa ba. Amma tafiya a ƙasa zuwa aji ba ta cin ƙarfi sosai, kuma kuɗin kabu-kabun da ta rage zai sayi ƙosai ko shinkafa da wake. In kuna aika guzuri, ku sa wake, gujiya da ƙuli-ƙuli, kada gari da sukari kaɗai.

Ɗiya mace fa? Zuciyarta iri ɗaya ce da ta ɗan'uwanta, kuma ita aka fi hana wa motsi. Ba sai ta fita fili ta buga ƙwallo ba. Tafiya da sauri tare da ƙawaye, tsallen igiya a cikin gida, ko daka in ta zo hutu, duk suna biya. Kada kunya ta sa mu bar ta a zaune shekara uku ko huɗu.

Abin da za ku yi

In kun yi waya da shi, bayan kun tambayi karatu da abinci, ku tambaye shi ko yana tafiya a ƙasa, da kuma ƙarfe nawa yake kwanciya. Matashi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. Shayi mai kauri, Nescafé da tramol don a kwana ana karatu duk ƙaimi ne a kan dokin da ya gaji.

In ya zo hutu da damina, ku ba shi hauyarsa. Ya fara a hankali, domin jikin ya daɗe bai yi ba. Kokawa, langa da ƙwallo ma aiki ne ga zuciya. Ma'aunin mai sauƙi ne: numfashi ya ƙaru, zufa ta fito, amma yana iya magana. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a yi da sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa sosai.

Ku koya masa jin bugun zuciyarsa. Da safe kafin ya tashi, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, gefen babban yatsa, ya ƙirga minti ɗaya, ya rubuta. Bayan wata biyu ko uku na motsa jiki, sau da yawa zai ga lambar ta ragu. Agogon waya ya isa, ba sai ya sayi wata na'ura ba.

Yaushe za a zo asibiti?

Sauyin da muke yabo ƙanƙane ne, yana bin numfashi, kuma ba ya damun mai shi. Ya bambanta da zuciyar da ke tsalle bugu, ko take kaɗawa ba tsari, ko take gudu alhali mutum yana zaune. In an ga haka, ko ciwon ƙirji, suma, haki fiye da na tsara, ko kumburin ƙafafu, a dakatar da motsa jiki a zo a ga likita. Mai sikila, da wanda aka taɓa ce masa yana da ciwon zuciya, su nemi shawara kafin su fara wasa mai ƙarfi. Kowane ɗalibi kuma ya sa a auna masa jini ko da sau ɗaya a shekara. In awo ya kai 140 bisa 90, a sake aunawa a wata rana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kun tura yaron nan ne domin ya dawo ya riƙe gida shekaru masu yawa, kuma zuciyar da ya tafi da ita, da ita zai yi wannan aiki. Ranar da ya miƙa hannu zai ɗauki hauya ko guga, ku ƙyale shi ya ɗauka.