AZABA BA TA HAIFAR DA GASKIYA

Ranar 11 ga watan Satumba na 2001 'yan ƙungiyar Alƙa'ida suka sace jiragen sama huɗu a ƙasar Amurka, suka hallaka mutane kusan 3,000 cikin safiya guda. Babu mai hankalin da zai ga laifin gwamnatin da aka yi wa wannan aika-aika don ta tashi haiƙan neman waɗanda suka ƙulla abin. Inda magana take shi ne yadda aka yi da su bayan sun shiga hannu, domin a nan ne ƙasar da ke tinƙaho da bin doka ta saki hanya.

Cikin watan Agusta na 2002 lauyoyin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka suka rubuta wa hukumar leƙen asiri ta CIA takardar da ta halatta mata abin da aka laƙaba wa suna ingantattun hanyoyin tambaya. A ciki akwai hana barci, da cusa mutum cikin akwati, da buga shi da bango, sa'an nan da uwa uba, azabar ruwa. Yadda ake yinta shi ne a ɗaure mutum a kan katako, kansa ƙasa ƙafafunsa sama, a rufe masa hanci da baki da ƙyalle, a yi ta kwarara ruwa har numfashi ya gagara, ya ji babu shakka nutsewa yake yi. An yi wa Abu Zubaida haka sau 83 cikin wannan watan, aka yi wa Khalid Sheikh Muhammad sau 183 a watan Maris na 2003.

Canza wa tuwo suna ba ya hana shi zama tuwo. Amurka da kanta ta san sunan wannan aiki tun da daɗewa. A 1947 kotun sojanta ta ɗaure wani Bajapane, Yukio Asano, shekara 15 saboda laifuffukan da suka haɗa da azabar ruwa, a 1983 kuma aka ɗaure wani shugaban 'yan sanda a jihar Texas shekara 10 don ya yi wa fursunoni haka. Bugu da ƙari, a 1994 Amurka ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 wadda ta haramta azabtarwa, ta kuma fayyace cewa yaƙi ko dokar ta-ɓaci ba su zama uzuri ba. Abin da ya zama laifi a hannun Bajapane ba zai koma halal don ya faɗo hannun Ba'amurke ba.

Masu kare wannan hanya, irin su tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Dick Cheney, suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita haka kawai ba. Sukan ce a ƙaddara an dasa bam a tsakiyar birni, ga wanda ya dasa a hannu, ga lokaci yana ƙurewa. Shin wahalar mutum ɗaya ta fi rayukan dubbai? Tambayar tana da nauyi, amma an gina ta ne a kan abin da mai bincike ba ya samu, wato tabbaci. Cikin misalin an riga an san akwai bam, an san wannan ne mutumin, an kuma san zai faɗi gaskiya. A zahiri kuwa zato ne kawai ake da shi. Rahoton da kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya fitar a watan Disamba na 2014 ya nuna cewa daga cikin mutum 119 da CIA ta tsare, aƙalla 26 ba su cancanci tsarewa ba. Wani kuma, Gul Rahman, sanyi ne ya kashe shi yana ɗaure da sarƙa a wani kurkukun ɓoye a Afganistan cikin 2002.

Ko da an dace da mai laifin, saura batun abin da zai fito daga bakinsa. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Mutumin da ke neman numfashi abin da zai tsai da ruwan yake faɗa, gaskiya ne ko ƙarya. Khalid Sheikh Muhammad ya shara wa masu tambayarsa labarin wani shiri na ɗaukar Musulmi baƙar fata a jihar Montana, daga baya ya ce ƙirƙira ya yi. Mafi muni shi ne na Ibn al-Sheikh al-Libi, wanda aka miƙa wa Masar, ya ce Iraƙi tana koya wa Alƙa'ida aiki da makamai masu guba. Wannan magana ta shiga jawabin Colin Powell a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairu, 2003. Aka afka wa Iraƙi a watan Maris, shi kuwa mutumin ya janye maganarsa a 2004, bayan bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Gaskiya ne CIA ta dage cewa ta samu bayanai masu amfani. Amma kwamitin ya bi manyan nasarorin da take kafa hujja da su ɗaya bayan ɗaya, ya ce ba azaba ce ta kawo su ba. Ali Soufan, jami'in hukumar FBI da ya fara yi wa Abu Zubaida tambayoyi cikin lalama da dabara, shi da abokin aikinsa ne suka gano matsayin Khalid Sheikh Muhammad a harin, tun kafin a kawo katako da ruwa. Kuma in aikin abin alfahari ne, me ya sa hukumar ta lalata kaset 92 na tambayoyin a 2005?

Babbar hasarar ta faɗa ne a kan iyalan waɗanda aka kashe. Su shari'a suke jira, alhali azaba ta gurɓata shaidar da za a yi shari'ar da ita. An kama Khalid Sheikh Muhammad a Rawalpindi a 2003, aka shekara ashirin ba a yanke masa hukunci ba. A 2023 wani alƙalin soja a Gwantanamo ya ƙi karɓar iƙirarin Abdurrahim al-Nashiri, wanda ake tuhuma da harin jirgin ruwan yaƙi na Cole, saboda azabar da ya sha tun farko. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Faransa ma ta ɗanɗana wannan: sojojinta sun murƙushe mayaƙa a birnin Aljiyas da azaba a 1957, amma a 1962 ta tattara nata ya nata ta bar Aljeriya.

Shugaba Barack Obama ya hana waɗannan hanyoyi a watan Janairu na 2009, Majalisa kuma ta ƙarfafa hanin da doka a 2015. Nijeriya, wadda ita ma ta sha fama da ta'addanci, ta kafa tata dokar hana azabtarwa a 2017. Sai dai doka a takarda ba ta shiga ɗakin tambaya da ƙafarta. Wajibi ne a riƙa rubuta sunan duk wanda aka tsare da inda yake, a bar lauya da likita su gan shi, alƙalai su ƙi karɓar iƙirarin dole, a kuma hukunta wanda ya ba da umarni tare da wanda ya kwarara ruwan. Ɗan ta'adda ba shi da doka, shi ya sa ake farautarsa. Gwamnatin da ta ajiye tata dokar don ta kama shi ta ba shi rabin abin da ya fito nema.