"Dai" da "Mana" Ba Surutu Ba Ne, Ladabi Ne

Akwai wasu 'yan kalmomi da muke shirin zubarwa ba mu ankara ba: dai, mana, fa, kam, da "ko" ta ƙarshen zance. Ni a ganina rashinsu na cikin abin da ke haddasa ɓacin rai a saƙonnin WhatsApp da wuraren aiki.

Ku auna da kanku. Ma'aikaciyar asibiti ta ce wa tsohuwa "Zauna!" Wata kuma ta ce "Inna, ki ɗan zauna mana." Umarnin ɗaya ne, amma ta farko ta kore ta, ta biyu ta karɓe ta. Mai rake ya ce "ban sallama ba", ciniki ya mutu. In ya ce "a ƙara dai, Alhaji", ƙofa na buɗe. Mai bin bashi ya rubuta "gobe ka kawo kuɗina", zumunci ya girgiza. Da "gobe ne alƙawarin namu, ko?" ya rubuta, da ya tuna maka, bai kuma ci mutuncinka ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan dabara ba. Masu harshen Kantonis a Hong Kong suna liƙa "aa" ko "laa" a ƙarshen jimla don umarni ya koma lallashi. A littafin nahawun Hausa da ya wallafa a 2000, Paul Newman ya ware wa fa, dai, kuwa, kuma, ma da kam babi guda.

Wani zai ce "mana" ma ai tana iya zama tsawa. Gaskiya ne, "tafi mana!" da ɗaure fuska ba lallashi ba ne. Amma a rubuce babu fuska, babu murya, don haka sai an zaɓi kalma da lura, an haɗa ta da "don Allah" ko sunan girmamawa.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. To kada mu ɗauko busasshen salon takardun gwamnati na Faransanci mu sa masa rigar Hausa. Malaman lakwal su koya wa yara aikin waɗannan kalmomi, kada su soke su da jan biro. Masu rubuta sanarwa su riƙa tunawa dattawa ne za a karanta wa.

Magana zarar bunu ce. Kafin ka tura saƙo, ka sake karanta shi dai.