Cinikin Ƙwallon Ƙafa A Gaban Doka

A shekarar 2019 aka yi abubuwa biyu a Abuja waɗanda ya kamata a karanta su tare. A farkon shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kare gasa a kasuwanci da haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC. A watan Nuwamba kuma Babbar Kotun Tarayya ta kori ƙarar almundahana da aka shigar a kan shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya na lokacin, Amaju Pinnick, da wasu manyan jami'anta huɗu, bayan an rushe kwamitin fadar shugaban ƙasa da ya kawo ƙarar. Ba a kai ga sauraron shaidu ba. A idon shari'a mutanen nan ba su da laifi, kuma haka ya wajaba a ɗauke su. Amma jama'a sun tashi ba su ga takarda ko ɗaya an baje ta a gaban alƙali ba.

Ko shakka babu ƙwallo ciniki ne. Ana sayar da 'yancin nuna wasanni a talabijin, ana cinikin 'yan wasa, kamfanoni suna zuba kuɗin talla. Duk wannan kasuwa ƙofarta ɗaya ce, mabuɗin kuwa yana hannun hukuma ɗaya, wadda ita ke yi wa ƙungiya rajista, ita ke ajiye takardu, ita ke hukunta mai laifi, sa'an nan dokokin FIFA su ce kada a kai rigimar ƙwallo kotun ƙasa. To, wanda abincinsa yake hannun mai mabuɗi, ta yaya zai tsaya ya ba da shaida a kansa? Nan ne babakere a kasuwa yake haɗuwa da raunin shaida a kotu.

Kotu kuwa ba ta aiki da ji-ta-ji-ta. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara tabbatar da laifi har ya kawar da duk wani shakku mai ma'ana, sashe na 84 kuma ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi abin da aka fitar daga kwamfuta. Kwamitin ladabtarwa yana iya kallon hoton bidiyo ya dakatar da mutum, kamar yadda aka yi wa wani mai horar da 'yan wasan ƙasa a 2018. Alƙali sai ya san na'urar da ta fitar da hoton da wanda ya sa hannu a kan ingancinsa.

Masu cewa doka ba ta shiga filin wasa su dubi Turai. A 1995 kotun Tarayyar Turai ta 'yantar da 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, a shari'ar Bosman, a Disamban 2023 kuma ta yanke cewa ikon FIFA da UEFA na hana sabuwar gasa, yadda yake a lokacin, ya saɓa wa dokar gasa. Ba a daina buga ƙwallo a can ba.

Dokar Nijeriya ta haramta wa mai rinjaye a kasuwa cin zarafi da rinjayensa, ta shafi har kamfanonin gwamnati masu kasuwanci, ta kuma ba FCCPC ikon kiran shaidu da neman takardu. Hukumar da ta iya cin kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a 2024 ba za ta rasa ƙarfin tambayar yadda ake ba da kwangilar nuna wasanni ba, da waɗanda suka nema, da nawa kowa ya taya. Ya kamata ta nemi a buga waɗannan kwangiloli a fili, kowace kaka kafin a take wasan farko.