Santorini ko Iskandariya? Kada hoton Instagram ya zaɓa maka wurin hutu

Makon jiya zauren WhatsApp na gidanmu ya kusa kamawa da wuta. Yayata za ta yi aure bayan ƙaramar Sallah, angon kuma ya ce ya ɗan tara wani abu, yana so su yi hutun mako guda a bakin tekun Bahar Rum cikin watan Afrilu. Aka ce kowa ya kawo shawara. Kafin ka ce kwabo hotuna sun cika zauren: fararen gidajen Santorini masu shuɗiyar ƙubba a Girka, gidajen Positano da suka maƙale a jikin dutse a Italiya, da bakin ruwan Nice a Faransa. Autarmu ta ce in ba Santorini ba, gara a zauna a gida. Ni kuwa na ce Iskandariya. Aka yi mini caa, har da mai cewa, “Haba, wa zai ɗora hoton Masar ya ce ya je hutun amarci?”

Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san kai ma mai karatu, ko ke 'yar'uwa, akwai irin waɗannan hotuna a ajiye a wayarku, kuna jiran ranar da Allah zai hore. Ra'ayina shi ne, ga mai riƙe da koren fasfo, wanda kuma da gumin goshinsa ya tara kuɗin, gaɓar kudu da ta gabas ta Bahar Rum ya kamata ya fara dubawa: Masar, Tunisiya, Maroko, Turkiyya. Turai ta biyo baya. Ga dalilaina, in ka gama karantawa sai ka yanke hukunci.

Mu fara da lokacin kansa. Watannin Maris, Afrilu da Mayu da muke kira bazara, lokacin da zafin Kano da Sakkwato ke haura digiri 40, fanka na hura iska kamar ta bakin murhu, su ne watannin da ƙasashen Bahar Rum ke fita daga sanyin hunturu. Rana mai daɗi, itatuwa sun yi kore, furanni sun buɗe, 'yan yawon buɗe ido ba su cika gari ba kamar yadda suke yi a Yuli da Agusta, kuɗin otal ma da sauƙi in ka kauce wa makon Ista. Amma akwai abin da hoto ba ya faɗa maka: ruwan tekun sanyi ƙalau yake. A watan Afrilu, a yawancin gaɓar, sanyin ruwan yana tsakanin digiri 15 zuwa 18 ne. Ɗan Arewa da ya saba da ruwan randa ya tsoma ƙafa a ciki, wallahi da gudu zai fito. Saboda haka wanda ya tafi a wannan lokaci, yawo a gari da kallon wuraren tarihi da cin abinci su ne hutunsa. To ashe tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, wane gari ne zai iya riƙe ka kwana bakwai ba tare da ka shiga ruwa ba?

Ɗauki Santorini. Tsibiri ne ƙarami, mazaunansa ba su wuce dubu goma sha biyar da 'yan kai ba. Cunkoso ya kai hukumomi suka ƙayyade yawan masu sauka daga manyan jiragen ruwa zuwa 8,000 a rana. Shuɗiyar ƙubbar nan da kake gani a kowane hoto, ta wasu 'yan majami'u ce a ƙauyen Oia da kewaye, kuma layi ake bi kafin a tsaya a daidai wurin da ake ɗaukarta. A ajinmu na koyon aikin jarida, abin da aka fara koya mana game da hoto shi ne ka tambayi abin da mai ɗauka ya yanke ya bari a waje. A hoton Santorini, abin da aka yanke shi ne mutum hamsin da ke tsaye a bayan mai kyamara suna jiran nasu layin. Wurin yana da kyau, ban musa ba. Amma bayan ka kalli faɗuwar rana sau biyu, ka ɗauki hoton, kwana biyar ɗin da suka rage fa?

Haka gaɓar Amalfi, inda Positano take. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya tun 1997, lemon tsaminta kuma ya yi suna. Sai dai hanyar mota siririya ce mai kwana-kwana a gefen dutse, cikin garuruwan kuma matattakala ce hawa da sauka, ga tsada. Bakin ruwan Nice kuwa tsakuwa ce zalla, babu yashin da kake hange. A Basalona ta Sifaniya, a watan Yulin 2024, mazauna gari sun fito zanga-zangar nuna gajiya da yawan baƙi, har suna fesa wa masu cin abinci a waje ruwa da bindigar wasan yara. Duk wannan ba za ka gan shi a bidiyon daƙiƙa talatin na TikTok ba.

Yanzu mu zo ga babbar magana, wato biza. Girka, Italiya, Faransa, Sifaniya da Malta duk suna cikin yankin Shengen. Tun watan Yunin 2024 kuɗin neman bizar ya koma Yuro 90 ga babban mutum, banda kuɗin kamfanin da ke karɓar takardu. In ka canza shi zuwa naira, ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 nesa ba kusa ba. Sai inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin aƙalla Yuro 30,000, da bayanan asusun banki, da shaidar masauki, da ta tikitin dawowa. In aka hana ka, ko sisi ba za a mayar maka ba, kuma 'yan Najeriya na cikin waɗanda aka fi hana wa. Wani abokina ya sayar da babur ɗinsa ya miƙa wa wani dillali da ya yi masa alƙawarin “biza tabbas”. Dillalin ya cusa takardar banki ta bogi a cikin fayil ɗin. Aka hana shi, kuɗi suka tafi, sunansa kuma ya shiga kundi, duk ranar da ya sake nema sai an ga tarihin. Yanzu a ƙafa yake zuwa makaranta.

Me ya sa ake mana kallon tuhuma haka? Saboda wannan tekun da muke mafarkin ɗaukar hoto a bakinsa, shi ne dai wanda 'yan'uwanmu ke bi ta Agadas zuwa Libiya su hau kwale-kwalen roba don tsallaka shi. A ranar 3 ga Oktoban 2013 mutum fiye da 360 suka nutse a kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya, kuma alƙaluman hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, sun nuna fiye da mutum 30,000 sun mutu ko sun ɓace a Bahar Rum daga 2014 zuwa yau. Jami'in da ke duba takardunka da wannan a ransa yake dubawa. Matashi, marar aikin albashi, fasfo fari fat babu hatimin ko'ina: kai ma ka san amsar da ta fi kusa. Ba adalci ba ne a yi wa kowa kuɗin goro, amma haka abin yake, kuma kuɗinka ne a kan layi.

To me ke can gaɓar kudu? Na taɓa zuwa Iskandariya lokacin da na kai wa yayana ziyara yana karatu a Alƙahira. Akwai jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, daga nan kuma jirgin ƙasa ne na kamar awa uku. Da yamma ka bi doguwar hanyar bakin teku da suke kira Kornish, iska na kaɗa ka, masu gasa masara na gefe, har ka isa ganuwar Ƙaitbai, wadda aka gina a ƙarni na 15 a daidai inda tsohuwar hasumiyar Iskandariya ta taɓa tsayawa. Ga katafaren ɗakin karatun da aka buɗe a 2002 don tunawa da na zamanin da. Kusa da masallacin Abul Abbas al-Mursi kuma akwai kabarin Imam Busiri, mai Burda ɗin nan da ake rerawa a garuruwanmu lokacin Mauludi. Kifi kuwa kai za ka nuna wanda kake so a gasa maka shi nan take. Ba ka tambayar ko akwai naman alade a miya, ba ka neman inda za ka yi Sallah a taswirar waya. Kwana huɗu na yi, ban gama garin ba.

In fararen gidaje da shuɗin fenti ne suka tafi da hankalinka, Tunisiya na da Sidi Bu Sa'id, ƙauye a kan tudu yana kallon teku, fari da shuɗi tun daga ƙofa har taga, dab da kufan tsohon birnin Kartaj. Ka gangara kudu zuwa Susa mai tsohuwar ganuwa, daga nan tafiyar kamar awa guda ce a mota zuwa Ƙairawan, garin da ake danganta Ibn Abi Zaid da shi, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu. A Maroko akwai Tanja, inda Bahar Rum ke haɗuwa da tekun Atlantika. Mashigin da ya raba Afirka da Turai a wannan yanki bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi matsewa, in gari ya yi wasai kana hango Sifaniya da idonka. A Tanja aka haifi Ibn Baɗuɗa a 1304, mutumin da yawonsa ya kawo shi har Takedda a ƙasar Nijar ta yau. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya da aka ƙaddamar a 2018 yana kai ka can daga Kasabalanka cikin awa biyu da 'yan mintuna. A Turkiyya kuma akwai Antaliya, mai tsohuwar unguwa ta Kaleici da ƙofar Hadriyan ta zamanin Rumawa, da ruwan Duden da ke zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku.

Kada ka ce na ɓoye maka aibin nawa zaɓin. Na farko, su ma waɗannan ƙasashe ɗan Najeriya sai da biza yake shigarsu, kuma dokokin suna sauyawa, don haka shafin ofishin jakadancin ƙasar za ka duba da kanka kafin ka biya kowa ko kwabo. Na biyu, a Masar akwai iskar Khamsin mai zafi da ƙura da ke tasowa a daidai waɗannan watanni, tana iya rufe gari na kwana ɗaya ko biyu, Tanja kuma tana da iska da yayyafi a Maris da Afrilu. Na uku, kuma shi ya fi ciwo, wariyar launin fata tana nan. A Tunisiya, bayan kalaman shugaba Kais Sa'id a watan Fabrairun 2023 kan baƙin haure daga kudu da Sahara, an kai wa baƙaƙen fata hare-hare, har da ɗalibai masu takardu cikakku. Ni kaina a wata unguwa a Alƙahira yara sun bi ni suna tsokana saboda launina, sai da wani dattijo mai shago ya daka musu tsawa. Wanda ya ce maka da zarar ka yi sallama shi ke nan ka zama ɗan gida, bai faɗa maka gaskiya duka ba.

Duk da haka ina nan a kan bakana. In kana karatu a Turai ko kana da bizar Shengen a hannu, bismillah, amma ko a nan zan ce ka duba Sisili ko Malta kafin Santorini. A Palermo, babban birnin Sisili, wanda Larabawa suka mulka fiye da shekara 200, a nan Al-Idrisi ya kammala shahararriyar taswirarsa ta duniya a 1154. A Malta kuwa harshensu daga Larabci ya samo asali duk da da haruffan boko suke rubuta shi, in ka yi Islamiyya za ka tsinci kalmomi a bakin direban bas. Irin waɗannan wurare ne ke ba ka abin yi ko da ruwa ya yi sanyi. In kuma wannan ce fitarka ta farko, fasfonka sabo, kuɗinka ƙidayayyu, fara da kudu. Ka je ka dawo a kan lokaci, hatimin da ka samu zai yi maka magana ranar da ka nemi wata bizar. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kafin ka tura wa kowa kuɗi, ɗauki takarda ka rubuta abin da za ka yi a kowace rana ta kwana bakwai ɗin, ka cire ɗaukar hoto daga lissafi. In ka kasa cika kwana uku, garin ba naka ba ne. Sannan ka haɗa kuɗin biza, tikiti, masauki da abinci, ka tambayi kanka ko za ka iya jure asarar kuɗin bizar in an hana ka. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: mai son tafiya a Afrilu, tun Janairu ya kamata takardunsa su kammala.

A gidanmu dai har yanzu ba a rufe maganar ba. Angon ya fara tambayar kuɗin tikitin Alƙahira, yayata ta ce sai an nuna mata otal ɗin tukuna, auta kuma ta daina yi mini magana. Kai fa, in aka ba ka kwana bakwai da kuɗin da ka sha wahala ka tara, ina za ka nufa, kuma me za ka yi a can ranar Laraba da rana?