Kada A Cire Rariyar Hayaƙi, A Gyara Baƙin Mai

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Wannan karin magana shi ne yakan faɗo mini a rai duk sa'ad da na ji ana zancen cire rariyar hayaƙi daga motoci masu shan man gas, wato dizal. A ganina wannan aiki kuskure ne, kuma ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu dalilina, tun da yake da yawa daga cikinmu 'ya'yan direbobi ne da makanikai da masu motocin haya.

Da farko dai, mece ce wannan rariya? Wata tukunya ce ta ƙarfe da ke jikin salansa, wadda Turawa ke kira DPF. Cikinta kamar saƙar zuma yake, an yi shi da wani irin yumɓu mai jure wuta. Hayaƙi yakan ratsa ta bangon 'yan ramukan ya wuce, kunkunniyar da ke cikinsa kuwa sai ta maƙale. Ta haka rariyar ke kama fiye da kashi 85 cikin ɗari na baƙin da injin ke fitarwa. Idan ta cika, kwamfutar mota takan ƙara zafin hayaƙin har ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fara sa ta a motarsa ƙirar 607 a shekarar 2000. Daga 2009 kuma dokar hayaƙi ta Turai mai suna Euro 5 ta sa kusan kowace sabuwar ƙaramar motar dizal tana fitowa da ita. Irin waɗannan motoci ne yanzu ake kawo mana da sunan 'yan Beljiyam.

To, me ya sa ake cire ta? Saboda tana toshewa. In ta toshe sai fitila ta kama a gaban direba, mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai. Sabuwa kuwa tsada gare ta. Sai bakanike ya yanke tukunyar, ya farfasa cikinta ya zubar, ya yi walda, sa'an nan a juya wa kwamfuta tunani don kada ta yi ƙorafi. Mai mota ya tafi yana murna.

Amma fa baƙin da rariyar ke kamawa bai ɓace ba, wurin zama kawai ya sake. Ya koma huhun mai tallan da ke tasha, da ɗan acaɓan da ke bin bayan motar, da mu da muke tsallaka titi zuwa makaranta. Ƙwayoyin wannan hayaƙi sun fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka suna shiga can ƙuryar huhu. Suna tayar da asma, suna kuma taɓa zuciya. A shekarar 2012 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa hayaƙin dizal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. A Ingila, tun 2014 motar da aka cire wa rariya ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara-shekara. Shin huhun Bature ya fi namu daraja ne?

Abin da ya kamata mu tambaya shi ne: me ke toshe ta? Nan ne maganar baƙin mai ta shigo. Kowane inji yakan ƙona baƙin mai ɗan kaɗan yayin da yake aiki. A cikin man akwai magungunan da aka zuba don wanke inji da hana shi cinyewa, kuma in sun ƙone sukan bar toka. Kunkunniya tana ƙonewa, amma toka ba ta ƙonewa, sai dai ta yi ta taruwa a cikin rariya har ta cika ta. Shi ya sa aka yi baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka. Wanda zai yi juye sai ya duba bayan galan. In ƙaramar mota ce ta Turai, ya nemi harafin C bayan kalmar ACEA, misali C3, wanda tokarsa ba ta wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba. In babbar mota ce, ya nemi API CJ-4 ko CK-4. Mafi kyau duka, ya bi abin da littafin motar ya faɗa. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba wanda ya san asalinsa, yana da sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado.

Abu na biyu shi ne gajeriyar tafiya. Motar da ba ta wuce gida zuwa kasuwa ba ta yin zafin da zai ƙona kunkunniya. Maganinta a hau babbar hanya da ita lokaci-lokaci, a yi tafiyar kamar minti 20 ba tsayawa. Wadda toka ta riga ta cika kuwa, ana iya kwance ta a wanke a mayar.

Na san wasu za su ce ai laifin man gas ɗinmu ne. Suna da gaskiya daidai gwargwado. Farar wuta da ke cikin man gas abokiyar gabar rariya ce. A Turai, tun 2009 ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali a Nijeriya har 2016 doka ta yarda da 3,000. Sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a tsaya a 50. Saboda haka wajibi ne hukuma ta sa ido a tabbatar ana bin wannan ƙa'ida a gidajen mai. Shi kuma direba ya guji man bumburutu, in kuma yana shakkar man da yake sha, ya riƙa yin juye da wuri, domin farar wuta tana saurin gajiyar da baƙin mai mai ƙarancin toka. Wannan duk bai zama hujjar a zuba wa jama'a hayaƙi ba.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu masu motoci, kafin su ce wa bakanike ya yanke, su fara tambayarsa wane mai ya zuba a juyen da ya wuce. Wanda kuma aikinsa cikin gari ne kawai, gara ya sayi mota mai shan fetur tun farko. Mu ɗalibai kuwa, ga inda karatunmu zai yi rana tun kafin mu gama makaranta: mu riƙa karanta wa iyayenmu abin da ke rubuce a bayan galan da cikin littafin mota. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.