Waƙar Bishiyoyi ta Joyce Kilmer: Shin Masu Suka Sun Yi Mata Adalci?

Idan ana lissafa waƙoƙin Ingilishi da suka yi fice a kan itatuwa, da wuya a kai ta uku ba a ambaci wadda Joyce Kilmer ya rubuta ba. Sunanta "Trees", wato Bishiyoyi. Wataƙila wasunku sun taɓa haɗuwa da ita a darasin Ingilishi. Gajeriya ce ƙwarai, ɗango goma sha biyu kacal, an jera su biyu-biyu, kowane biyu da nasu amsa-amo. A nazarin waƙar Hausa, baiti mai ɗango biyu shi ake kira ƙwar biyu. Ɗalibi mai ƙwazo zai iya haddace ta tun kafin a tashi daga makaranta. Fiye da shekara ɗari ke nan jama'a suna ƙaunar wannan waƙa, manyan malaman adabi kuwa da yawansu suna raina ta. Ni dai ina bayan jama'a, kuma ina so ku ji dalilina kafin ku yanke naku hukuncin.

Kilmer namiji ne, ko da yake an fi sanin mata da sunan Joyce. An haife shi a shekarar 1886 a garin New Brunswick da ke jihar New Jersey ta Amurka, ya kuma yi aikin jarida a New York Times. Ya rubuta waƙar ran 2 ga Fabrairu, 1913, a gidansa da ke garin Mahwah. Ta fara fitowa a watan Agusta na wannan shekara cikin mujallar Poetry ta birnin Chicago, sannan a 1914 ya sa ta cikin littafin waƙoƙinsa. Ku lura da watan da aka rubuta ta. Fabrairu tsakiyar hunturu ne a can, lokacin da yawancin itatuwa suka kakkaɓe ganyensu suka tsaya tsirara, kamar yadda kuka take yi da rani. Ke nan ganyen da ya yaba a waƙar, a zuci ya gan shi.

Jigon waƙar a fili yake. Mawaƙin ya auna aikin hannun ɗan Adam da aikin Mahalicci, ya ga na farko bai kama ƙafar na biyu ba. A tsakani kuwa ya yi amfani da salon mutuntarwa, wato ba wa abin da ba mutum ba halaye da gaɓoɓin mutum. Ya nuna bishiya tamkar jariri mai shan nono, ƙasa ce uwar. Ya nuna ta tamkar mai ibada da ya ɗaga hannuwa. Ya nuna ta kamar mace mai ado, sheƙar tsuntsaye ce adon kanta. Daga nan ya ambaci dusar ƙanƙara da ruwan sama, ya rufe da ƙasƙantar da kansa da sana'arsa a gaban ikon Allah.

A nan ne masu suka suka sami abin kamawa. A shekarar 1938 wasu malamai biyu, Cleanth Brooks da Robert Penn Warren, suka wallafa wani littafin koyar da nazarin waƙa mai suna Understanding Poetry, wanda jami'o'in Amurka suka daɗe suna amfani da shi. A cikinsa suka ɗauki waƙar Kilmer a matsayin misalin waƙar da ba ta yi kyau ba. Hujjarsu ita ce hotunan da ke cikinta ba su jitu da juna ba. In bakin bishiya yana manne da ƙasa, yaya za a yi idonta ya kalli sama? In rassanta hannuwa ne, yaya kuma suka koma gashin kai? Ku ɗauki fensir ku gwada zana wannan halitta. Abin da zai fito a takarda dodo ne, ba mutum ba.

Wannan suka ba ta banza ba ce, kuma bai kamata ku yi watsi da ita ba. Malaman nan sun koya wa ɗalibai su riƙa tambayar kowace kalma aikin da take yi, kuma ɗabi'a ce mai kyau. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa dole ne duk siffofin da ke cikin waƙa su haɗu su ba da hoto guda, kamar wanda mai ɗaukar hoto ya ɗauka.

Ku da kuke koyon Hausa kuna da abin da za ku amsa musu da shi, wato kirari. Idan maroƙi ya tsaya gaban sarki, yakan kira shi giwa, nan take ya kira shi zaki, ya kuma kira shi bango ko hadari. Ba a taɓa jin wani ya tashi a fada ya ce giwa ba ta da ƙumbar zaki ba. Kowa ya san cewa giwar tana nuna girma, zakin yana nuna kwarjini, bangon kuma yana nuna wurin jingina. Kowace siffa takan ɗauko hali guda ta ajiye, ta ba wa ta gaba wuri. Waɗanda suka tashi da oriki na Yarabawa sun san wannan salo tun suna ƙanana. A ganina, abin da Kilmer ya yi wa bishiya kirari ne. Kowane baiti kallo ne dabam, kamar mutum yana zagaya ta yana duba ta ta kowane gefe, daga wannan yanayi na shekara zuwa wancan.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Saɓanin da ake kuka da shi, a jikin bishiyar yake tun asali. Da gaske ne tana sha ta ƙasa, domin saiwa ce take tsotso ruwa da abincin da ke narke cikinsa. Da gaske ne kuma tana miƙewa sama tana neman haske, domin da hasken rana ganye yake haɗa mata abinci. Halitta ce da take ci ta ƙafa, take kuma ci ta ka. Duk wanda ya so kwatanta ta da mutum, tilas hoton ya karkace, saboda ba a gina ta bisa tsarin jikinmu ba. Mai karatu da ya tsaya yana mamakin yadda baki ya koma ƙasa ya riga ya fara ganin bishiya da sabon ido.

Ba ina cewa waƙar ba ta da rauni ba ne. Zaƙinta ya ɗan yi yawa, kuma karinta yana tafiya daidai wa daida tun daga farko har ƙarshe, babu inda ya girgiza mai sauraro. Wasu ma suna ganin ƙasƙantar da kai da ya yi a ƙarshe ta baka ce kawai. Wannan kam ban yarda ba. Kilmer mutum ne mai riƙo da addini, a shekarar da ya rubuta waƙar ma shi da matarsa Aline suka shiga ɗariƙar Katolika. Abin da ya faɗa, ya yi imani da shi.

Wani abin da nake yaba mata shi ne rashin ambaton sunan wata bishiya. Wurare da dama a Amurka sun yi iƙirarin cewa tasu ce ta sa shi rubutun. Wadda ta fi suna ita ce wata tsohuwar bishiya a harabar Jami'ar Rutgers, wadda aka sare a 1963 bayan tsufa ya ci ƙarfinta. Amma ɗansa Kenton ya bayyana cewa ba a kan wata bishiya guda aka yi waƙar ba. Wannan ya bar muku ƙofa a buɗe. Wanda ya tashi kusa da loko zai ga loko, wanda ya saba zama a inuwar mangwaron makaranta zai ga mangwaro, Bahaushe kuma zai ga tsamiya ko rimi. Dusar ƙanƙara ce kaɗai baƙuwa a gare mu.

A 1922 Oscar Rasbach ya sa mata kiɗa, mawaƙa irin su Paul Robeson suka rera ta, ta shiga gidajen da ba a karanta littattafan waƙa. Na san yawan masoya ba ya tabbatar da ingancin waƙa. Na kuma san cewa yadda mawaƙin ya mutu ya ƙara mata suna. Ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, harsashi ya same shi a Faransa ran 30 ga Yuli, 1918, yana da shekara 31. Sai dai tausayi ba ya riƙe waƙa a bakin mutane har ƙarni guda. Mawaƙa da yawa sun mutu a wannan yaƙi, ba a haddace nasu ba.

Bayan rasuwarsa, tsofaffin sojoji suka nemi gwamnatin Amurka ta keɓe wani wuri don tunawa da shi. Aka zaɓi wani kurmi a jihar North Carolina, mai faɗin eka 3,800, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan a gabashin ƙasar da masu yankan katako ba su kai ga share su ba. An buɗe shi da sunan Kilmer a 1936, kuma har yau ba a yankan katako a cikinsa. Da ƙafa ake shiga. Wasu daga cikin itatuwan da ke tsaye a wurin sun haura shekara 400.